Kifin da Baba Bai Sani Ba

Akwatin gilashin nan ba ni na saya ba. Wata abokiyar aikina ce, 'yar Indonesiya, wadda muka daɗe muna aikin jinya tare a wani asibiti a Riyad, ta bar mini shi da za ta koma ƙasarsu gaba ɗaya. Ta kawo shi har shuggar da muke haya, wato ɗakunanmu na bene a unguwar Suwaidi, da ɗan guntun ruwa a ƙasansa, aka ɗora a kan teburin falo. Ta cika shi, ta jona injin da ke tace ruwan, ta nuna mini abincin da zan riƙa barbaɗawa. Akwai waɗansu 'yan kifaye masu sheƙi da ke kai-komo a sama, akwai ganyaye da guntun icce, sannan yashi mai laushi a shimfiɗe a ƙasa. Har ta kai bakin ƙofa ta juyo, ta ce mini da irin Larabcinmu na asibiti, "Akwai wani a cikin yashin nan. Kada ki zubar da yashin." Na ce mata to.

Na yi wata da watanni ban ga kowa ya fito daga yashi ba, har na manta da maganar. Gaskiya ma abin dariya yake ba ni. Ni 'yar masunci ce, a bakin kogin Kwara aka haife ni, can wajen Yawuri, kuma a gidanmu ba a ajiye kifi don a kalle shi. Ko a ci, ko a yi banda, ko a kai kasuwa. Sai ga ni a hawa na uku a tsakiyar hamada, ina dawowa daga aiki a gajiye ina ciyar da kifin da ko miyar kyanwa ba zai yi ba. Maigidana, wanda yake aikin awon gine-gine a wajen Dir'iyya, ya kan tsokane ni ya ce ga Sarkin Ruwan Suwaidi ta dawo.

A shekarar ne mahaifiyarmu ta rasu. Da na je gida ta'aziyya na tarar da Baba a zaure, ana shigowa ana gaishe shi yana amsawa, amma sai mutum ya yi magana yake gane ko wane ne. Yanar ido ce ta rufe masa idanu duka biyun. Ashe ta daɗe tana cinsa, mahaifiyarmu ce take rufa masa asiri: ita ke ajiye masa buta inda ƙafarsa za ta same ta, ita ke raɗa masa sunan mai sallama tun daga nesa. Da ta tafi sai abin ya fito fili. Haske da duhu kawai yake bambancewa, sai inuwar mutum idan ya gifta.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san yanar ido ba abin da za a zauna da shi ba ne. Na dawo Riyad na shiga nema masa bizar ziyara, maigidana ya yi ta zirga-zirga har ta fito, aka sako shi jirgi tare da wani ɗan garinmu. Likitan ido ya duba shi, ya ce aikin mai sauƙi ne, a yi ɗaya yanzu, idan ya warke a yi ɗayan. Na fassara wa Baba ina murna. Ya saurara har na gama, sannan ya ce a yi wa likita godiya, amma shi ba za a taɓa masa ido ba.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun ina yarinya bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. A mota ya ce, da harshensa na mutanen yamma wanda shekarun boko suka goge mini, "Uwata, mi ya rage ban gani ba? Na ga Kwara ta cika ta ci gonaki, na ga ta janye har yara na ƙetare ta da ƙahwa. Na ga ɗakin Allah da idona. Babu kihin da ke cikin ruwa wanda ban riƙa da hannuna ba. Abin da zan gani na gan shi."

Bai ambaci mahaifiyarmu ba. Tun ranar da aka binne ta bai ƙara ambatonta ba, ko da kuskure. Amma na san abin da yake nufi, kuma shi ne ya fi ƙona mini rai.

Ni mutum ce mai saurin hawa, kowa ya san ni da wannan. Na yi lallashi, na yi faɗa irin wanda 'ya za ta iya yi wa ubanta, na yi kuka. Na sa yayyena suka kira shi a waya. Na sa maigidana ya kawo wani malami ɗan ƙasarmu da ke karatu a nan, ya zauna ya yi masa nasiha a kan neman magani. Baba ya saurare shi da ladabi, ya sa masa albarka, ya ce Allah ya ƙara ilimi, shi ke nan. Bizar kuwa tana ta cin kwanakinta. Abin da nake gani a raina kullum shi ne ranar da zan mayar da shi filin jirgi yadda ya zo, ya koma bakin kogi yana lalube, babu mai ajiye masa buta.

Garin ma bai yi masa ba. Ya ce bai taɓa jin inda mutane suka taru haka babu gulbi ba. Wata Juma'a maigidana ya ce bari mu kai shi Wadi Hanifa ya ji ƙarar ruwa, ko ransa zai yi sanyi. Muka je can inda ruwan ke gudu tsakanin duwatsu, iyalai sun shimfiɗa dardumomi suna shan shayi. Baba ya tsuguna, ya ɗebo ruwan a tafin hannu, ya shinshina, ya zubar. Ya ce, "Wanga ruwa an riga an yi aiki da shi." Wani bawan Allah ɗan Bangaladash yana gefe da ƙugiya, ya kamo kifi, maigidana ya roƙe shi ya miƙo wa tsoho ya taɓa. Baba ya bi shi da yatsa sau ɗaya daga baki zuwa wutsiya, ya ce karfasa ce, kuma ba ta ƙoshi ba. Ya miƙa masa abinsa, ya ce mu tafi gida.

A gida wuri ɗaya yake zama, a kan darduma kusa da akwatin gilashin, saboda ƙarar ruwan da ke zuba daga injin. Ya taɓa tambayata kifayen da ke ciki, na kwatanta masa su. Ya ce waɗannan ai abin sa wa ƙugiya ne. Abinci kuwa sai ya ɗan taɓa ya ture. Na yi tuwon shinkafa, na yi miyar kuka da busasshen kifin da ya zo da shi da kansa, duk a banza.

Wata rana na dawo daga aiki gab da magariba, ban kunna fitilar falo ba, na je na barbaɗa abincin kifi. Ina tsaye sai na ga yashin ya motsa. Wani abu siriri ya zaro kansa daga ciki, ya miƙe, ya fara tafiya yana lanƙwasa a ƙasan ruwan. Ban san lokacin da na yi baya ina salati ba, na ce, "Baba, maciji!"

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Maciji cikin ruwan kwalba? Ɗiyar masunci da tsoron abin ruwa. Tsaya ki duba mini shi. Fara daga baki."

Haka ya koya mana tun muna yara. Idan ka ga kifin da ba ka sani ba, ba a fara faɗin girmansa ko launinsa, don waɗannan suna ruɗi. Daga baki ake farawa, sai ido, sai ƙaya, sai fata, a ƙare da wutsiya. Na durƙusa a gaban gilashin, na fara.

"Bakin yana ƙasa, yana kallon yashi. Akwai 'yan gashin baki kewaye da shi."

"Tarwaɗa ta. Ɗiyar tarwaɗa."

"A'a Baba, gashin gajeru ne ƙwarai, kamar bakin tsintsiyar da ta cinye. Kuma kan ba shi da faɗi, ɗan siriri ne."

"Tsawonshi?"

"Kamar yatsana na tsakiya, ko ya ɗan fi. Kaurinsa bai kai fensir ba."

Ya ɗan gyara zama. "Dogo siriri, yana kwana cikin ƙasa. Gaiwa ta. Duba gehenta, za ki ga wasu zare-zare kamar hannuwa."

"Babu zare. 'Yan fukafukai ne ƙanana kusa da kai. Na bayansa ma ɗan mitsitsi ne, kuma can baya yake, kusa da wutsiya."

"Ƙaya bisa baya?"

"Babu."

"Ɓawo?"

"Ban ga ɓawo ba, sumul yake. Kuma Baba, zane gare shi. Rawaya-rawaya ne mai ɗan ja, da baƙaƙen zobba tun daga kai har wutsiya, amma ba su haɗe ta ciki ba. Cikin fari ne."

Ya yi tsaki. Ya ce kifin da ke kwana a ƙasa launin taɓo yake yi, ko duhun magariba ne ke yi mini wasa da ido. Ya kira kurungu, ya janye da kansa. Ya kira minjirya, ya ce a'a, ita ƙatuwa ce. Ya kira waɗansu sunaye da ni ban ma taɓa ji ba, yana kira yana girgiza kai. Kafin ya gama, abin ya kafa kansa a yashi, ya girgiza jiki, ya shige. Ko alamar inda ya shiga ban gani ba, yashin ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Na faɗa wa Baba.

Ranar ya cinye tuwonsa tas, ya ce a ƙara masa miya.

Washegari tun kafin in cire takalmi ya ce yana so ya sa hannu a ruwan. A garinmu akwai masu kamun lalube, waɗanda ke nutsewa su kamo kifi a ramin gaɓa da hannu kawai, kuma Baba ya yi suna a wannan tun yana saurayi. Na sa ya ɗauraye hannunsa sosai da ruwa zalla, na naɗe masa hannun riga, na kawo kujera. Ya zura hannun a hankali har bayansa ya kwanta a kan yashin, na zuba 'yan ƙwayoyin abinci a tafinsa. Sai ya tsaya cik. Ni ban taɓa ganin mai rai ya daina motsi haka ba. Kifayen sama da suka watse suka dawo suna shawagi a kan yatsunsa kamar icce ne. Aka kira magariba kifin bai zo ba. Haka muka yi ta yi kullum da yamma, har fatar hannunsa ta riƙa yamutsewa, ni kuma ina mita ina cewa zai kwashi sanyi.

Ranar da ya zo, fuskar Baba ce ta gaya mini kafin idona ya gani. Girarsa ta ɗaga, bakinsa ya ɗan buɗe. Na leƙa, ga abin ya fito yana shinshinar gefen hannunsa da 'yan gashin bakin nan, ya hau tafin, ya ratsa tsakanin yatsu biyu, ya dawo ta wani. Baba ya rufe yatsunsa a hankali, a hankali, yadda ake riƙe jariri sabon haihuwa. Sai na ga ya ɗan zabura, ya saki. Abin ya sulale ya shige yashi.

Ya fito da hannun yana shafa kan yatsansa. Ya ce, "Ya soke ni."

Na ce ai babu ƙaya a bayansa, na duba.

"Ba bisa baya ba. Nan." Ya ɗora yatsa a ƙarƙashin idonsa. "Ƙaya gare shi ƙarƙashin ido. Yana kwantar da ita, in an matsa shi ya tashe ta. Uwata, shekarata nawa cikin ruwa? Na san mai ƙaya bisa baya, na san mai ƙaya ga haƙarƙari. Ban taɓa jin mai ƙaya ga huska ba." Ruwa yana ta ɗiga daga gwiwar hannunsa a kan dardumar. Sannan ya faɗi maganar da ban taɓa ji daga bakinsa ba tun da nake, ya ce, "Ban san shi ba."

Ba da baƙin ciki ya faɗa ba. Muryarsa irin ta yaron da aka kai kasuwa karo na farko ce.

Ya matsa mini sai na nemo wadda ta ba ni akwatin. Ranar hutuna na kira ta ta bidiyo, ga ta a barandar gidansu, bayanta kore shar, zakara yana cara. Na zama tafinta a tsakaninsu. Ta ce masu sayar da kifin ado suna kiransa kuli loc, kuma danginsa suna da yawa a ƙasashensu, duk ƙanana, duk mazauna ƙasan ruwa. Baba ya ce shi ba suna ya tambaya ba, gidansa yake so ya ji.

Ta ce a ƙananan rafuka yake zama, a cikin daji, inda itatuwa suka rufe sama har rana ba ta isa ƙasa sosai. Ruwan ba ya gudu da ƙarfi, ba shi da zurfi, kuma launinsa kamar shayin da ba a sa wa madara ba, saboda ganyen da ke zuba yana jiƙa a ciki. A ƙarƙashin ganyen nan da yashi mai laushi yake wuni, sai rana ta yi sanyi ya fito kiwo, yana tona ƙasa da gashin bakinsa yana neman 'yan tsutsotsi. Ta ce yana da ɓawo, amma ƙanana ne ƙwarai, sun nutse a cikin fata, shi ya sa hannu ba ya jin su. Idan ruwa ya yi ƙarancin iska ya kan hau sama ya haɗiyi iska da baki ya koma. Baba yana ji yana kaɗa kai, yana cewa ikon Allah. Ya tambayi ko ruwan yana ƙafewa da rani. Da ta ce a wajensu kusan kullum ana ruwan sama, sai ya sa na sake tambayarta, don ya ɗauka ni ce ban fassara daidai ba.

Daga nan ya ce, "Tambaye ta, in ya shiga yashi da kai, yaya yashin ba ya cika mishi ido?"

Ta yi dariya, ta ce wata 'yar fata ce siririya ta rufe idon gaba ɗaya, garai-garai kamar gilashi, yana gani ta cikinta kuma yashi ba ya taɓa shi.

Na fassara. Sai Baba ya fashe da dariya, dariyar da rabona da in ji ta tun mahaifiyarmu tana da rai. Ya ce, "Ashe shi ma yana gare shi! Sai dai tashi garai take, tawa ta yi duhu."

Da muka kashe wayar ya daɗe yana fuskantar inda ƙarar ruwan take fitowa. Can ya ce, "Hannu ya gaya mini tsawonshi, ya gaya mini ƙayarshi. Amma zanen nan da kike hwaɗi, hannu ba ya jin shi." Ya gyara hularsa. "Ki gaya ma likitan nan ya buɗe mini guda. Guda ta isa."

Na yi murna, amma wallahi na ji haushi. Ni da ya haifa na yi kuka a gabansa, malami ya zo har gida ya karanto masa hujjoji, bai motsa ba. Sai wani ɗan abu da bai kai fensir ba ya juya shi. Na shiga kicin na rufe ƙofa, ina dariya ina share hawaye, maigidana yana tambayata ko lafiya.

Aka yi aikin da safe, da yamma muna gida. Washegari da aka cire bandejin ya yi ta ƙyafta ido, ya dubi likita, ya dubi bango, ya dubi tafin hannunsa. Da ya juyo kaina ya daɗe yana kallo, ina jira in ji magana mai daɗi. Sai ya ce, "Uwata, yaushe kika yi hurhura?" Na ce tun ranar da ya sauka a garin nan.

Muna shiga gida bai zauna ba, ya wuce gaban gilashin. Ya ga ganye, ya ga icce, ya ga 'yan kifayen sama, ya ce to, ba laifi, suna da kyau. Amma mutumin nasa bai fito ba. Bai fito ranar ba, bai fito washegari ba. Likita ya hana shi sunkuyawa da wasa da ruwa, ni kuma na tsaya a kan dokar, don haka babu zancen sa hannu. Na sake kiran abokiyata, ta ce haka halinsa yake, ya kan ɓace wata da watanni, ba ciwo ba komai. Kwanakin biza suka ja baya sosai. Idan ba a sa ranar aikin ido na biyu da wuri ba, zai koma da ido ɗaya, kuma na san idan ya koma ba zai sake yarda ya hau jirgi ba. Da na yi masa maganar sai ya ce shi alkawarin guda ya yi, kuma ko abin da aka buɗe gudan dominsa bai gani ba tukuna.

Wata rana haƙurina ya ƙare, na ɗauko ludayi na ce zan tona yashin in fito masa da shi ya gani, kowa ya huta. Ya riƙe mini hannu. Ya ce shi ba kifin da aka firgita yake so ya gani ba, a bar shi ya fito da ƙafarsa. Na ce kifi ba shi da ƙafa. Ya ce in mayar da ludayin inda na ɗauko.

Lokacin bazarar nan ce ta Riyad, wadda a wasu shekarun ake samun ruwa kamar da bakin ƙwarya, a wasu kuma ko ɗigo. Ina hutu ranar, bayan la'asar, ina kicin ina yanka albasa. Tagogi a rufe, labule a sake, na'urar sanyi tana aiki. Sai na ji ya kira ni, ba da ƙarfi ba, da wata irin murya ƙasa-ƙasa: "Uwata. Zo. Kada ki yi gudu."

Na same shi a durƙushe a gaban gilashin, hancinsa ya kusa taɓa shi. Yashin nan da na yi shekara ina ɗauka kusan babu kowa a ciki, ashe gari ne. Ba ɗaya ba ne. Sun fito su da yawa, suna hawa jikin gilashin suna sauka, suna bin juna, suna naɗewa a jikin ganye suna warwarewa. Wani ya harba sama, ya taɓa saman ruwan da baki, ya juyo. Haske ya faɗa a kansu, rawayan nan mai ɗan ja yana ƙyalli, baƙaƙen zobban a jere, kowanne da irin nasa: na wani masu faɗi, na wani sun rabu biyu a tsakiya. Na durƙusa kusa da shi da wuƙar albasa a hannuna, na manta ban ajiye ta ba.

Ya rufe idon da ba a yi wa aiki ba da tafin hannu, yana bin su da ɗayan. Leɓɓansa suna motsi yana tasbihi. Ya ce, "Kin ce rawaya, ban yarda ba." Can kuma ya ce, "Dubi ƙayar, ga ta nan kwance. Dubi ɗan idon." Ya numfasa. "Uwata, abin da ke kwana cikin yashi, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, cikin dajin da ko rana ba ta shiga. Wa zai gan shi can? Amma dubi adon da anka yi mishi. Ba a bar ko wutsiyar ba."

Na yi shekaru ina aiki a inda ake buɗe cikin mutum a ɗinke, na ɗauka na daina mamaki. Ranar na ji kaina ƙarama ƙwarai, kuma na ji daɗin hakan.

Muna nan durƙushe sai falon ya yi duhu. Na tashi na ɗaga labule: hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta yamma, iska tana kwasar ledoji a kan titi, mai kantin da ke ƙasan benenmu yana ta janye kwalayensa ciki. Aka yi tsawa, ruwa ya sauko. Abokiyata ta taɓa gaya mini cewa irin kifayen nan suna rikicewa idan hadari ya kusa, ban riƙe maganar ba. Baba ya dubi taga, ya dubi gilashin. Ya ce, "Sun riga mu sani. Cikin kwalba, cikin ɗaki, bisa bene, a ƙasar da ba tasu ba. Wa ya gaya musu?"

Na buɗe tagar, ƙanshin ƙasa ya shigo. Yara a ƙasa suna ihu da Larabci suna tsalle a ruwan. Ya koma ya zauna a kan dardumarsa, idonsa bai bar kifayen ba.

Sai ya ce, "Da uwarku na nan..."

Na juyo na dube shi. Wannan ne karo na farko da ya ambace ta tun da aka binne ta.

"Da uwarku na nan, da ta leƙa ta ce, to Malam, shi wanga ana cin shi?"

Muka fashe da dariya tare, don wallahi haka za ta ce, har da riƙe ƙugu. Yana cikin dariyar sai ta juye masa. Kafaɗunsa suka fara rawa, hawaye suka zubo ta idon da aka buɗe da wanda ba a buɗe ba. Ya ɗaga hannu zai murza, na kama hannun na ce kada ya taɓa, likita ya hana. Na ɗauko auduga na riƙa share masa a hankali, nawa suna zuba babu mai share mini. Ya bar ni na gama.

Ruwan ya fara tsagaitawa. Ɗaya bayan ɗaya kifayen suka riƙa kafa kai a yashi suna shigewa, har ya rage guda yana kiwo a gindin iccen. Baba ya sauke hannunsa daga idon da ke rufe, ya juyo gare ni.

Ya ce, "Gobe ki kira likitan nan, ya buɗe ɗayan. Ashe da saura."